Tambulan ɗin Anti Loveday

Leeds, 6 ga Oktoba

Kawu Denzil,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da gwiwarka da kyanwar nan taka marar kunya. Ni lafiyata ƙalau, in ban da kewa.

Ƙunshinka ya iso ranar Talata. Na gode da safa, na gode da biskit mai citta, wanda ban bari ya kwana ba. Amma Kawu, tambulan fa? Tambulan ɗaya tal, mai kaurin gindi, an naɗe shi da jarida kamar jariri, ba ko 'yar takardar bayani. Ko ka ɗauka a Leeds da tafin hannu ake shan ruwa?

Mama ta ce in riƙa kiranka a waya. Na ce mata tun da injin jirgin kamun kifi ya cinye maka kunne, kiranka a waya da kiran bango duk ɗaya ne. Saboda haka ga ni da biro da takarda kamar 'yar zamanin da. Sai da na sha yawo kafin in gano inda ake sayar da kan sarki.

Mu shida ne a sashenmu, kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya. Ƙofofin irin masu rufe kansu ne saboda gobara, sai ka ji garam, shi ke nan mutum ya ɓace sai gobe. Kowa ya rubuta sunansa a jikin kwalbar madararsa a firij. Ta haka na san sunayensu, ba don mun yi hira ba. Akwai wani Declan, ɗan Liverpool, bakinsa ba ya hutawa, kuma na tabbata shi ke shanye mini madara. Karatun tarihi yana da daɗi, amma mu wajen ɗari biyu ne a ɗakin lacca, kowa na tari. Murar sababbin shiga suke ce mata, wai duk shekara sai ta zagaya kowa.

Bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Sai in wuni ban yi magana da ɗan Adam ba, in ban da "sannu" da "na gode". In Kirsimeti ta zo abin bai canza ba, zan tattara in koma Plymouth. Gidan biredin da na yi wa aiki da bazara sun ce ƙofa a buɗe take. Kada ka gaya wa Mama. Ta riga ta shaida wa duk layinmu cewa 'yarta ce ta fara shiga jami'a a zuriyarmu ta Pascoe.

Taka,
Tegan

Newlyn, 11 ga Oktoba

'Yar tsuntsuwata,

Na samu wasiƙarki, na karanta ta sau biyu, ta biyun da tabarau. Ina lafiya. Gwiwa tana nan tana ba ni labarin ruwan sama kafin rediyo. Kyanwa ta ce a gaishe ki, ta kuma ce rashin kunya gado ne a gidan nan.

Maganar kewa, ga magani, kuma ba na karɓar ko sisi. A jirgi mukan yi makonni a teku, mu bakwai, wasu ba sa ko ga maciji da juna. Amma doka ɗaya ce ba a karyawa: wanda ya ɗora buta a wuta, sai ya tambayi kowa ko zai sha. Ba ka dafa wa kanka shayi kai kaɗai, ko da wanda ke kusa da kai jiya ya zagi uwarka. To ki zaɓi lokaci ɗaya, ƙarfe huɗu na yamma ya yi. Ki ɗora buta, ki bi ƙofofin nan biyar ki ƙwanƙwasa, ki ce, "Na ɗora ruwa, wa zai sha?" Ba Baturen da zai iya cewa a'a sau uku a jere. Ki haddace wa ke son sukari, wa ba ya so. Ɓarawon madarar ma ki zuba masa.

Tambulan kuwa na matata ne, Antinki Loveday, Allah ya ji ƙanta. Kin san shekara talatin ta yi tana aikin jinya gida-gida. Duk kaka, in yaran garin nan za su tafi jami'a, sai ta tare iyayensu a bakin coci ta ce musu sanƙarau yana son sababbin ɗalibai, kuma da rigar mura yake shigowa. Zazzaɓi, ciwon kai, wuya ya sage, ido ya ƙi haske. In ƙuraje ja suka fito, a danna tambulan a kansu a duba ta cikin gilashin. In jan bai dushe ba, a kira motar asibiti nan take, ba a jira gari ya waye. Takan ce kada ma a jira ƙurajen in mutum ya jigata. Ban sa bayani a ƙunshin ba don na san za ki tambaya, kuma abin da mutum ya tambaya ya fi zama masa a kai.

Ki je ki yi rajista da likitan unguwarku. Na san ba ki yi ba.

Maganar gidan biredi ban ji ta ba. Kin san ni kurma ne.

Kawunki,
Denzil

Leeds, 24 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma gaida gwiwa mai duba. Ni dai murar ta kama ni jiya, layi ya zo kaina.

Na gwada dokarka. Ranar farko kunya kamar in nutse. Ƙofa huɗu shiru, ta biyar Anjali ta leƙo, 'yar Leicester mai karatun lissafi, ta ce, "Wani abu ya faru ne?" Na ce shayi ne kawai. Ta dube ni kamar na ce mata gobara, sannan ta fito da kofinta. Kwana uku bayan nan muka zama mu huɗu. Declan cokali uku na sukari yake sha, kuma bai musa maganar madara ba. Cewa ya yi, "Ni fa taimakonki nake, 'yar Kudu, kada ta lalace." Haka yake kirana, don Plymouth a kudancin ƙasar nan take.

Kada ka yi fushi, na karanta musu wasiƙarka a wajen shayin, da irin muryarka. Dariya har da masu buga tebur. Declan ya ɗauki tambulan ya bi kowa yana danna masa a goshi, yana cewa, "Layi, layi, Likita Loveday ta iso!" Yanzu sunan tambulan ke nan, yana kan tagar kicin. Kuma ka kwantar da hankalinka, an yi mana allurar sanƙarau tun muna sakandare. Rajistar likita zan yi in na samu sarari.

Zan tsaya nan, kaina na sarawa. Na gaji, Kawu. Ba abin da nake so yau irin gadona na gida, da Mama tana motsi a kicin. Ina ga ba zan iya jiran Kirsimeti ba.

Tegan

Newlyn, 28 ga Oktoba

Tegan,

Ina lafiya, ina fata murar ta sake ki.

Layin ƙarshe na wasiƙarki ya hana ni cin abinci. Ba za ki iya jiran Kirsimeti ba? Wata ɗaya da 'yan kwanaki, har kin juya akalar jirgi saboda igiyar ruwa ta farko? Kakanki Jago, wana, ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Yana da shekara goma sha biyar aka cire shi daga makaranta aka tura shi teku, kuma har ya mutu in ya wuce shagon littattafai sai ya rage tafiya. Uwarki ta yi aikin dare a gidan tsofaffi don ki zauna ki yi jarrabawa. Ke kuma kin samu abin da su biyun suka rasa, za ki musanya shi da tiren biredi don ƙofofi suna rufe kansu.

Ku yi ta dariya da tambulan, ba komai, Loveday ma an yi mata dariya. Amma in kika dawo gida saboda kewa, ni dai ba zan yi miki sannu da zuwa ba.

Denzil

Newlyn, 15 ga Nuwamba

'Yar tsuntsuwata,

Ina fata kina lafiya. Ni jiki lafiya, zuciya ce ba lafiya.

Shirunki ya yi yawa. Kullum ina tsaye a taga lokacin da mai kawo wasiƙu ke wucewa, har ya fara ɗaga mini hannu yana girgiza kai tun daga nesa. Na san abin da na yi. Magana zarar bunu ce, ga shi kuma tawa a rubuce take, ba zan ce ba ki ji daidai ba. Kin kawo mini kukanki ni kaɗai, na ɗauki kakanki da uwarki na ɗora miki a ka. Da Loveday na nan da ta ƙwace biron.

Ban nemi uwarki ba, don na yi miki alkawarin rufe baki, kuma in na rubuta mata sai ta gane akwai magana. In kin koma Plymouth, ki koma, zan zo har gidan biredin in sayi na jiya in ce ya yi daɗi. Ki rubuto mini ko layi ɗaya ne, ko da zagi.

Kawunki mai dogon baki,
Denzil

Plymouth, 22 ga Nuwamba

Kawu Denzil nawa,

Ka zauna kafin ka karanta. Ina raye, ina samun sauƙi, ina gida wajen Mama. Da wannan na fara don kada zuciyarka ta buga.

Ba fushi na yi ba. Wasiƙunka biyu jiya suka zo hannuna tare, Anjali ce ta haɗo su ta aiko. Sanƙarau na yi, Kawu. Ashe iri-iri ne, allurar da aka yi mana ba ta rufe wannan ba. Da na ce ba zan iya jiran Kirsimeti ba, nufina in zo gida hutun ƙarshen mako in ga Mama, ba in bar karatu ba. Zazzaɓi ne ke riƙe da biron.

Abin da ya faru ban san rabinsa ba, Anjali ce ta ba ni labari. Washegarin ranar da na jefa maka wasiƙa ban fita lacca ba. Ba wanda ya damu, ai kowa ya yi murar ya kwanta. Ƙarfe huɗu ta yi, suka taru a kicin da kofunansu, buta a sanyaye. Declan ya ce, "Ina mai shayin? Ta koya mana jaraba ta gudu?"

Anjali ta ce, "Ka bar ta ta huta, ba ta jin daɗi."

Ya ce, "To ni zan ɗora. Amma dokar tsohon ce, wanda ya ɗora sai ya tambayi kowa. Ba ni za a kama da karya doka ba."

Ya zo ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya ƙara, shiru. Ka san mu, ƙofar mutum a rufe ba a taɓa ta, sai a ce kada a takura masa. Anjali ta ce har ya juya, sai ya tsaya ya ce, "Kai, yarinyar nan ko barci take sai ta tashi ta zage ni." Ya tura ƙofar. Allah ya sa ban murɗa makulli ba. Ya same ni na lulluɓe kai da bargo saboda hasken taga, ina magana ba kan gado, ƙafata ɗaya a waje da wasu ɗige-ɗige ja a ƙauri.

Wai sai ya kwarma ihu, "Anjali! Kawo Likita Loveday!"

Ta ce, "Declan, ba lokacin wasa ba ne."

Ya ce, "Na yi miki kama da mai wasa? Kawo tambulan ɗin nan!"

Suka danna. Jan bai dushe ba. Anjali ta kira motar asibiti, shi kuma ya sauka ƙasa ba takalmi ya tsaya a titi yana ɗaga wa masu motar hannu. Likitar da ta karɓe ni ta gaya wa Mama cewa da an bar ni zuwa safiya, da wani labarin ake yi.

Mama ta kira ka sau da yawa ba ka ɗauka ba, ta bar saƙo a na'urar da ba ka taɓa saurara ba. Daga baya ta ce gara a bari sai na miƙe, kada a tayar wa tsoho hankali. Na ce mata ai shirun ya fi tayar maka da hankali. Kuka na yi da na karanta maganar biredin jiya.

Ga sauran labarin. Ciwon ya tafi da kunnena na hagu, kuma sun ce ba zai dawo ba. In mutum biyu suna magana lokaci ɗaya sai in ji kamar ina cikin ruwa. Jami'a ta ce in na so in koma a Janairu, in na so in ɗaga zuwa baɗi. Ni kuwa ina tuna ɗakin laccar nan mai mutum ɗari biyu, da kunne biyu ma yaya na ƙare? Yanzu kam da gaske nake tunanin gidan biredin. Kada ka yi mini faɗa, ba ni da ƙarfinsa.

Na gode, Kawu. Ban san yadda ake gode wa mutum don ya aiko da tambulan ba, amma na gode.

Taka har kullum,
Tegan

Newlyn, 26 ga Nuwamba

'Yar tsuntsuwata,

Na gode wa Allah, na sake gode masa. Na zauna kamar yadda kika ce, amma ban iya tashi ba sai da shayina ya huce. Da na samu ƙafa, na hau tudu har maƙabarta da wannan gwiwar, na gaya wa Loveday. Shekara talatin tana tare mutane a bakin coci suna cewa ga ta nan ta fara, ashe ke take yi wa aiki, ke da ba ta gani ba sai a zanen goyo.

Faɗa kuwa na ajiye shi. Na yi sau ɗaya, na ga inda ya kai ni. Komawa ko zama, naki ne, kuma duk wanda kika zaɓa ina bayanki.

Abin da zan iya ba ki shi ne abin da na sani, don a harkar kunne ɗaya ni ne farfesa. Nawa na dama ya mutu ina da shekara talatin da 'yan kai, na hagun ma sai da na'ura. Shekarar farko ita ce mai wuya. Na daina zuwa mashaya, na daina zama hira bayan an tashi daga coci, don na gaji da gyaɗa kai ga maganar da ban ji ba. Kada ki yi irin wautata. Ga yadda ake yi: ki ba bango mataccen kunnen, ki ba mutane mai ran. A ɗakin lacca ki zauna gaba, can ƙarshen hagu. A tebur ki kama kusurwa. Ki riƙa kallon bakin mai magana. Babbar kuwa ita ce ki faɗa. Ki ce, "Ba na ji ta nan, zagayo." Mu mutanen ƙasar nan mun gwammace mu nutse da mu ce a miƙo mana igiya, wai kada mu dami mutane. Wannan halin ne ya kusa barin ki a bayan ƙofa, shi ne kuma ya bar ni a taga mako uku. Ki tambayi jami'ar me suke yi wa masu irin lalurarki, na ji yanzu har rubuta wa mutum lacca ake yi.

Wata fa'idar kuma, in surutun mutum ya ishe ki, sai ki juya masa hagu. Na yi wa limamin cocinmu haka shekara da shekaru.

Na sa biskit gwangwani biyu a ƙunshin nan. Ɗaya naki, ɗaya ki aika wa ɗan Liverpool ɗin nan. Ki gaya masa Denzil Pascoe ya ce duk madarar da ke firij ɗin nan halal ce gare shi har ya gama jami'a.

Kawunki,
Denzil

Leeds, 19 ga Janairu

Kawu,

Dubi saman takardar nan ka ga daga inda nake rubutu.

Ina fata kana lafiya, sanyin nan bai taɓa gwiwa da yawa ba. Ni ina ƙara ƙarfi, sai dai saurin gajiya. Na yi rajista da likita, kafin ka tambaya.

Gaskiya ba da niyyar zama na zo ba. Mama ta kawo ni a mota mu kwashe kayana, har da kwalaye a but ɗin motar. Muka iso da yamma, na shiga kicin in ɗauki tambulan, sai na tarar da su biyar a zaune, buta na tafasa. Ashe ba su fasa shayin ba ko rana ɗaya tun da aka ɗauke ni. Sun ja teburin sun manna shi da bango, sun ajiye kujera ɗaya a kusurwa, yadda duk wanda ya zauna a kai kowa zai kasance a damansa. Anjali ce ta bincika yadda ake yi. Kofina yana wurin.

Declan ya zagayo ta damana ya ce, "Kin yi latti wata uku, 'yar Kudu. Shayin Anjali kamar ruwan wanki, mun sha wuya."

Na ce, "Kayana na zo kwashewa."

Ya ce, "Me? Ban ji ba. Ni ma kunnen nan ya fara ba ni matsala." Ya tura mini biskit ɗinka, wanda ya rantse ya ɓoye mini guda biyu tun Nuwamba, sun yi laushi kamar tsumma.

Na zauna don in sha kofi ɗaya. Suna magana ɗaya bayan ɗaya, in wani ya katse wani sai Anjali ta buga cokali a kofi. Na ji komai, Kawu. Tun da na tashi daga ciwon nan ban zauna cikin mutane na ji komai ba sai ranar. Mama tana tsaye a bakin ƙofa da kwali a hannu. Ta dube ni, ta dube su, ta juya ta mayar da kwalin mota.

A lacca ina gaba, ƙarshen hagu, bango na ta shan labarin daular Rum ta mataccen kunne. An ba malamai wata 'yar na'ura suna maƙalawa a riga. Ran nan ɗaya ya manta, na ɗaga hannu a gaban mutum ɗari biyu na ce ba na ji. Na faɗa, kuma ƙasa ba ta tsage ba.

Da hutun Ista ina zuwa Newlyn, kuma Declan ya ce sai ya biyo ni ya ga mai dokar. Ni zan zauna a hagunka, kai a damana, mu biyu mu haɗa kunnuwan mutum ɗaya. Ka kai ni wajen Anti Loveday, ina da magana da ita. Tambulan dai ba zan dawo da shi ba. Yana kan taga, kuma mun yi shawara in mun tashi daga sashen nan za mu bar shi ga sababbin da za su zo, da bayaninka a manne a jiki.

Zan tsaya nan, huɗu ta yi. Yau Declan ne da buta. Ban ji ƙwanƙwasawarsa ba, don kunnen hagu ne ke wajen ƙofa, sai gani na yi ta buɗe ya leƙo da kai. Haka muke yi yanzu a sashen nan. In an ƙwanƙwasa ba a amsa ba, shiga ake yi.

Taka,
Tegan